Tsohuwar bas na ƙwanƙwasa kuma tana shan ruwa? Ga inda za ka fara dubawa

Jama'a masu tsofaffin Hiace da manyan motocin nan masu wurin kwana a ciki, kafin ku kama hanyar Katsina zuwa Daura cikin zafin Afrilu ku duba abin nan.

Da safe inji na sanyi, zaro gejin baƙin mai tukuna. In man ya koma kalar shayi da madara to ruwa ya shiga, yawanci gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone. Sai ka tada mota ka kasa kunne. Ƙara siririya daga sama kas-kas-kas galibi bawul ne, da sauƙi. In kuma sai ka taka totur a hawa take yi kamar tsakuwa cikin gwangwani, duba fulogi da taimin, wato saitin lokacin da fulogi ke ba da wuta, wani lokacin ma fetur ɗin ne mara kyau. Amma mai nauyin nan daga ƙasa, gum-gum, da ke ƙaruwa in ka ba ta wuta, wallahi kashe ta kawai ka kira bakanike, metal ne, wato boris ɗin ƙasan inji, ya cinye kuma in ka matsa sai inji ya buga.

Maganar ruwa kuwa, shimfiɗa kwali ƙarƙashinta ta kwana, da safe ka ga inda ya ɗiga. Matsa tiyo ko ya tsage, leƙa ƙasan famfon ruwan inji da murfin lagireto. In ba ɗigo amma ruwa na raguwa kuma salansa na farin hayaƙi, gaskit ɗin ne dai. Don Allah kar ka buɗe lagireto da zafi, malam, jira ta huce.