Darasi na Tara: Tsibirin Morishus da Raken da Ya Tara Mutanensa

Mai karatu ya buɗe taswirar Afirka, ya aza yatsa a kan babban tsibirin Madagaska, sa'an nan ya ja shi gabas cikin Tekun Indiya. Bayan tafiyar kilomita kusan 900 zai tarar da wani ɗan ɗigo. Wannan ɗigon shi ne Morishus, ƙasa mai cin gashin kanta wadda babban birninta shi ne Port Louis. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, babu shiga babu fita sai ta jirgin ruwa ko na sama. Faɗin ƙasar duka, har da ƙananan tsibiran da ke ƙarƙashinta irin su Rodrigues, kilomita murabba'i 2,040 ne, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na Jihar Kano, mutanenta kuwa sun ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu.

Aman wutar duwatsu daga ƙarƙashin teku ne ya samar da tsibirin tun da daɗewa, shi ya sa tsakiyarsa tudu ne mai sanyi da yawan ruwan sama, bakin teku kuma fili ne mai ɗumi. Wanda ya ratsa gonakin rake a can zai ga baƙaƙen duwatsu an jibge su tsibi-tsibi a tsakiyar gona. Da hannu aka tsince su ɗaya bayan ɗaya kafin a sami wurin shuka, kuma kowane tsibi shaida ne na wahalar waɗanda suka yi aikin. Daga watan Nuwamba zuwa Afrilu lokacin zafi ne, a nan ne kuma guguwar teku kan faɗo ta kwantar da amfanin gona.

Abin da ya bambanta Morishus da ƙasashen Afirka da dama shi ne Turawa ba su tarar da kowa yana zaune a cikinta ba. Matuƙan jiragen ruwa na Larabawa sun san da ita, mutanen Fotugal ma sun yada zango sun wuce. Mutanen Holan ne suka sa mata suna a 1598 don girmama yarimansu Maurice, suka zauna daga 1638 zuwa 1710. Su suka kawo rake, kuma a zamaninsu ne tsuntsun nan da ake kira dodo, wanda ba ya iya tashi, ya ƙare ƙaf a duniya. Faransa ta karɓi tsibirin a 1715, gwamnanta Mahé de La Bourdonnais wanda ya iso a 1735 ya gina tashar jiragen ruwa ta Port Louis, aka riƙa kawo bayi daga Madagaska da Mozambik domin sare daji da noman rake. Wasu bayin sukan gudu su ɓuya a kan dutsen Le Morne, wanda a yau ake girmama shi a matsayin wurin tunawa da su.

Ingila ta ƙwace tsibirin a 1810, amma ta bar wa Faransawa masu gonaki filayensu da harshensu da dokokinsu. Da aka soke bauta ranar 1 ga Fabrairu 1835, masu gonaki suka rasa hannun aiki, sai aka koma ɗebo leburori daga Indiya a kan yarjejeniyar shekara biyar. An ce musu ’yantattu ne, amma albashin ƙanƙane ne, kuma wanda ya yi fashin aikin kwana ɗaya akan yanke masa kuɗin kwana biyu, abin da a ganinmu bai yi nisa da bautar da aka ce an soke ba. Kusan mutum rabin miliyan ne suka sauka a Port Louis ta wannan hanya, da yawansu ta wani ɗan matakalar dutse a wurin da ake kira Aapravasi Ghat, kowa riƙe da ƙunshin kayansa, ana rubuta masa lamba. Jikokinsu su ne mafi rinjaye a ƙasar yanzu, akasarinsu mabiya addinin Hindu, sai Musulmi da suka kai kusan kashi ɗaya cikin shida na al'umma. Jikokin bayi, da na Faransawa, da ’yan kasuwa daga Sin, duk suna nan, kuma harshen Kiriyol da ya tsiro daga Faransanci shi ne na kasuwa da na gida.

Ƙasar ta sami ’yancin kai ranar 12 ga Maris 1968 ƙarƙashin Firaminista Seewoosagur Ramgoolam, ta zama jamhuriya a 1992. A lokacin samun ’yanci, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da take sayarwa waje sukari ne. Duk manomin da ya taɓa dogara da gyaɗa kaɗai ko auduga kaɗai ya san haɗarin wannan: idan farashi ya faɗi ko iska ta yi ɓarna, gida duka ne zai kwana da yunwa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, James Meade, ya yi hasashen a 1961 cewa ƙasar za ta sha wuya saboda yawan haihuwa da rashin aikin yi.

Shugabanninta ba su watsar da rake ba, sai suka mai da shi jari. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba su damar sayar wa Turai sukari a farashi mai tsoka, ribar kuma aka zuba ta cikin masaƙu da otal-otal. Tun 1970 an yi dokar sassauta haraji ga masana'antun da ke sarrafa kaya don fitarwa waje, mata dubbai suka sami aikin ɗinki, kuma a ƙarshen shekarun 1970 karatun sakandare ya zama kyauta. Daga baya aka ƙara harkar bankuna da yawon buɗe ido, wanda ke kawo baƙi fiye da miliyan ɗaya a shekara. Saboda haka lokacin da Tarayyar Turai ta rage farashin sukari da kashi 36 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2009, an ji jiki, amma ƙasar ba ta durƙushe ba. Har yanzu tana shigo da mai da shinkafa da alkama daga waje, kuma a 2020 wani jirgin ruwa mai suna Wakashio ya yi karo da duwatsun murjani na cikin teku ya malalar da mai kusan tan 1,000 a gaɓar da masunta ke neman abinci.

Akwai kuma wani miki na mulkin mallaka da ya daɗe bai warke ba. A 1965 Ingila ta yanke tsibiran Chagos daga Morishus, daga baya ta kwashe mazaunansu, ta ba Amurka Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran, don kafa sansanin soja. Kotun Duniya ta bayyana a 2019 cewa rabawar ta saɓa wa doka, kuma a watan Mayu 2025 Ingila da Morishus suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da tsibiran.

Aikin wannan mako: mai karatu ya lissafa shekarun da Ingila ta yi tana mulkin Morishus, sa'an nan ya rubuta jimla uku a kan amfanin gonar da garinsu ya fi dogara da shi, da abin da ke faruwa a gidaje shekarar da farashinsa ya karye.