Yadda Ake Sharhin Sabon Fim, Daga Kujerar Silima Zuwa Rubutu

Duk wanda ya fito daga silima yana da abin faɗa: "ya ƙayatar" ko "asarar kuɗi". Wannan ba sharhi ba ne tukuna. Sharhi yana farawa ne daga inda ka iya nuna fitowar da ta burge ka ko ta gundure ka, ka kuma faɗi hannun da ya jawo hakan: na marubuci ne, na darakta, na mai tacewa (wanda ke yanka hotuna ya jera su), na mai haɗa sauti, ko kuwa laifin zauren da ka zauna ne.

Fara da wurin zama, domin nan ake yawan ɗora wa fim laifin da ba nasa ba. Ka nemi tsakiyar layi, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon zauren idan ka ƙirga daga allo. A daidai nan masu saita lasifikoki suke auna sauti. Maganar 'yan wasa tana fitowa ne daga lasifikar tsakiya da ke bayan allo, kiɗa da ƙarar gefe kuma daga na hagu da dama da na bango. Wanda ya lafe a lungu kusa da bango zai ji kiɗa ya danne magana, ya fita yana zagin mai haɗa sauti a banza. Haka ma duhu. Idan fitilar majigi ta tsufa, ko ka sa tabarau na 3D wanda ke cinye haske sosai, fitowar dare za ta zama baƙi ƙirin. Kafin ka rubuta cewa fim ya yi duhu, tuna yadda tallace-tallacen da aka haska kafin shi suka fito. In su ma sun dusashe, majigi ne.

Mai kallo a gida shi ma yana da tarkonsa. Ana haska yawancin finafinai da hoto 24 a cikin daƙiƙa ɗaya, amma talabijin na zamani sukan zo da wani saiti da ke cusa hotunan ƙarya a tsakani don motsi ya yi santsi. Sai fim mai tsada ya koma kamar bidiyon waya. Kashe wannan saitin. Baƙaƙen layukan sama da ƙasan allo kuwa ba lalacewa ba ne: hoton fim ne mai faɗi sosai (2.39:1, faɗi bisa tsayi) a kan talabijin mai 16:9, kuma idan ka ja hoton ya cika allo, ka datse gefe biyu na abin da mai ɗaukar hoto ya tsara.

Kada ka karanta sharhin kowa kafin ka shiga. Tirela ɗaya, wato gajeren tallan fim, ta isa, ita ma ka yi hattara da ita, domin sau da yawa ba daraktan ne ke yanka ta ba, masu talla ne, kuma sukan sayar da fim ɗin da ba shi aka yi ba.

A lokacin kallo, ƙaramin littafi da biro sun fi waya, don hasken waya yana damun na kusa kuma yana ɗauke maka ido. Kalma biyu ko uku a kowane layi sun wadatar. Abin da ya fi komai amfani shi ne lokaci: duk sa'ad da ka ji hankalinka ya bar allo, duba agogo ka rubuta mintin. A al'ada, shafi ɗaya na rubutaccen labari yana daidai da minti ɗaya a allo, kuma a fim na awa biyu ana sa ran zuwa minti na 25 ko 30 mai kallo ya san wane ne jarumin, me yake nema, me ya tare masa hanya. In an kai minti 40 ba ka san wannan ba, matsalar daga rubutu take. In kuwa ka sani sarai amma tsakiyar ta yi ta jan ƙafa, fitowa uku suna maimaita abin da ɗaya ta riga ta faɗa, to aikin tacewa ne bai yi ba. Wannan bambancin shi ne rabin sharhi.

Wajen 'yan wasa ake fi yin zalunci. Jarumar da aka ba layukan da ba mai rai da zai furta su, kamar ta tsaya tana bayyana wa mijinta tarihin aurensu da shi ma ya sani, ba ita ce ta gaza ba. Marubuci ne yake son sanar da 'yan kallo ta hanya mafi arha. Gwajin da ya fi dacewa shi ne ka kalli fuskar ɗan wasa lokacin da ba shi ke magana ba. Yana sauraro ne, ko yana jiran layinsa? Idan kuma leɓe da murya sun saɓa, ka fara tantancewa ko fassarar murya ce kake kallo ko an sake naɗar maganar a sutudiyo bayan ɗauka. Fim ɗin da aka juya wa harshe, ba ka da hurumin yanke hukunci kan muryar jaruminsa, sai ka faɗa wa mai karatu wane kwafi ka gani.

Akwai kuma ruɗanin da mai kallo ke ji ba tare da ya san sunansa ba. Mutum biyu suna magana, ɗaya yana kallon dama ɗaya hagu, kwatsam sai su koma kallon gefe guda. Kyamara ce ta tsallake layin da ke tsakaninsu, abin da ake kira dokar digiri 180. A fitowar faɗa ko tsere, wannan ne ke sa ka kasa gane wa ke bin wa. Wani daraktan da gangan yake karya ta don ya rikita ka, saboda haka tambayar ita ce ko rikicewar ta yi wa labarin aiki.

Da ka fito, zauna ka zuba duk abin da ke kanka cikin minti goma sha biyar, kafin hirar abokai ta gauraya da naka. Sannan ka bar shi ya kwana. Fim mai ƙarar ƙarshe yakan yi zaƙi a daren ya salance da safe, wani kuma sai washegari yake kama ka.

Rubutun kansa kalma 400 zuwa 600 ya isa. Hukuncinka ya zo a sakin layi na farko. Labarin kuma kada ya wuce jimla uku, kuma kada ka haura abin da ya faru a kashi ɗaya cikin huɗu na farko. In dole sai ka taɓa ƙarshe, yi gargaɗi a sarari kafin nan. Sauran fili na hujja ne: fitowa biyu ko uku da ka bayyana dalla-dalla sun fi siffofi ashirin. Ka auna fim da abin da ya sa a gaba. Na ban dariya da ya sa zaure ya yi ta ƙyaƙyata ya biya bashinsa, ko da labarinsa bai kai ya kawo ba.

Maki fa? In za ka bayar, ka bayyana ma'anar kowane mataki sau ɗaya, ka tsaya a kai. Lambobin intanet kuwa ka san abin da suke aunawa kafin ka jingina da su. Kashi 90 a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayin masu sharhi, ba maki tara bisa goma ba ne. Yana nufin masu sharhi tara cikin goma sun ce fim ɗin ya fi ƙarfin a kushe shi, ko da kowannensu da ƙyar ya yarda. Makin IMDb, shafin bayanan finafinai, daga 1 zuwa 10, na jama'a ne, kuma a kwanakin farko masoya da maƙiya ne suka fi jefa ƙuri'a. Kuɗin makon farko aikin talla ne ya kawo shi. Mako na biyu ne ke nuna abin da waɗanda suka kalla suka je suka faɗa wa 'yan uwansu, kuma faɗuwar da ta haura kashi 60 cikin ɗari akan ɗauke ta alamar cewa bakin jama'a bai yi wa fim ɗin daɗi ba.