Kurakuran da aka fi yi wajen zana bishiyar salsalar bakteriya

Na gaji da ganin ɗalibai suna kawo mini bishiyar salsalar bakteriya, wato zanen da ke nuna yadda nau'o'insu suka fito daga kaka ɗaya, wadda suka gina a kan ƙwayar gado guda ɗaya tak, suna cewa sun gano zumunci. Ni ma wannan kuskuren ya taɓa cinye mini wata huɗu. Na zaɓi ƙwayar gadon da ke sa bakteriya ta bijire wa magani, sai bishiyar ta nuna wata bakteriyar E. coli ta fi kusa da Klebsiella, wani jinsin bakteriya daban, fiye da sauran danginta, na kuwa yarda har na fara rubutu. Ashe ƙwayar tana kan plasmid ne, wato ƙaramin zoben ADN (sinadarin da ke ɗauke da gado) da bakteriya ke miƙa wa maƙwabciyarta. Mutum biyu da suka sayi hula iri ɗaya a kasuwar Dole ba su zama ƴan uwa ba, kuma tarihin hular na zana, ba na masu ita ba.

Wannan aro tsohon sani ne. Masanin bakteriya Frederick Griffith ya ga alamarsa a 1928, sannan a 1952 Norton Zinder, wanda sunansa ya zo ɗaya da na garinmu, ya nuna tare da malaminsa Joshua Lederberg cewa bairas na ɗaukar ƙwayoyin gado daga wata bakteriyar Salmonella zuwa wata. Saboda haka yanzu ba na karɓar bishiya sai an gina ta a kan ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da ayyukan bakteriya na yau da kullum aƙalla bakwai, an zana ta kowace ɗaya daban, an jera su a tebur an kwatanta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wasu ke haɗa ƙwayoyin sanƙarau cikin zuriya ɗaya don kawai rukuninsu ya zo ɗaya, A ko C ko W. Haba, a ƙasar da kowane rani muke fargabar wannan cuta! Rukunin nan daga rigar da ke lulluɓe da ƙwayar aka samo shi, ita kuwa ƙwayar sanƙarau ɗin, Neisseria meningitidis, tana tsintar ADN daga kewayenta, tana iya sauya rigar baki ɗaya alhali asalinta yana nan.

Kada ku dogara da 16S, wato ƙwayar gadon da aka saba amfani da ita wajen tantance bakteriya, shi kaɗai wajen rarrabe nau'o'in da ke kusa da juna, domin ko bakteriyar Shigella da E. coli ba ya raba su da kyau. Ƙwayar gadon da bishiyarta ta saɓa wa sauran kuma kada ku share ta a ɓoye. Ku bincika daga ina ta fito, ku rubuta shi a rahotonku.