Takardar gwajin kansar mama: abin da za ki tambayi dokta

Kusan wata uku ina raka gwaggona asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi daga unguwar Aboabo kafin na gane cewa takardar nan da aka ba mu bayan an yanki ɗan naman nonon, wadda muka nannaɗe muka cusa a leda tare da katin inshorar lafiya na NHIS, ita ce ke nuna maganin da zai ci da wanda ɓata kuɗi ne kawai. To in ciwon ya riga ya yi nisa, ya taɓa ƙashi ko hanta, fito da ita ki nemi abu uku: ER, PR da HER2, wato alamomin da ake dubawa a jikin naman ciwon.

In ER ko PR ya nuna akwai, ciwon da sinadarin jikin mace yake girma, sai a yanke masa abinci da ƙwaya irin tamoxifen ko letrozole. HER2 kuma lamba ake sa masa, 0 zuwa 3+. Mai 3+ ita ake wa trastuzumab, wato Herceptin, amma dan Allah ki tambaya a yi hoton zuciya tukun don maganin yana iya raunana ta. 2+ tsaka-tsaki ne, kar ki yarda a bar shi haka, akwai gwajin FISH da ke raba gardama.

Gwaggo dai duka ukun babu, irin da ya yi yawa a matanmu na Afirka ta Yamma, kemo ne maganinsa. A nan ne za ki ce dokta ya batun BRCA1 da BRCA2, wato ƙwayoyin halitta da in suka samu matsala suke ƙara haɗarin kansar mama? Da jini ko yawu ake gwadawa, kuma gado ne, har ta wajen uba ake ɗaukowa, abin da ya ba ni mamaki wlh. Wadda aka samu da matsalar, kemo na carboplatin ya fi yi mata aiki, ga olaparib da Amurka ta amince da shi a 2018, sai dai tsada kam ba a magana. 'Yan'uwanta mata da 'ya'yanta ma su sani.

Sannan in ciwon ya dawo bayan shekaru, tambayi ko za a sake yankar nama, don alamomin nan suna canzawa. Kafin ki hau trotro zuwa Korle Bu ko wani asibiti ki yi fotokofi biyu na takardar, ki ɗauke ta a waya kuma.