Babi na Shida: Sunanka a Bakin Mutane

Ka je kasuwar Panteka a Kaduna da hantsi ka tsaya ka kasa kunne. Ƙarar guduma ta cika wuri, tartsatsin walda na tashi ta ko'ina. Ga wani ya sauko daga keke napep, daga Rigasa yake, ƙofar ƙarfe yake son a haɗa masa. Masu walda sun fi a ƙirga, amma bai shiga rumfar farko da ya gani ba. Sai ya tare wani yaro ya ce, "Samari, ina rumfar mutumin nan da ƙofarsa ba ta lanƙwashewa?" Yaron ko tunani bai yi ba, ya nuna masa da yatsa.

Mai rumfar bai san an yi wannan magana ba, yana can duƙe a kan aikinsa. Amma ciniki ya riga ya faɗa tun kafin a gaisa. Abin da ya kawo masa shi, shi muke kira suna a sana'a: maganar da mutane ke yi a kanka lokacin da ba ka wurin.

Dubi yadda suna ke kama baki. Uwargida za ta aiki yaro ya sayo Maggi, alhali kowane irin ɗanɗano mai shago ya ba shi an karɓa. Garin sabulun wanki kuwa duk Omo ne a wajenmu. Waɗannan kamfanoni sun kashe kuɗi mai yawa kafin su kai nan. Mai sayar da waina a Tudun Wada ba ta da kuɗin talla a rediyo, amma tana da abin da ya fi shi a unguwarta, wato bakin maƙwabta.

Da me aka san ki?

Nan ne yawancinmu muke yin kuskure. Yau ana zoɓo, gobe ana atamfa, jibi an koma turaren wuta. Ba laifi ba ne neman halal ta hanyoyi da yawa, rayuwa ta yi tsada. Sai dai idan aka tambayi maƙwabciyarki me kike sayarwa ta ce "komai da komai", to ba za ta iya turo miki kowa ba. Ki zaɓi abu guda da hannunki ya fi faɗawa a kai, ki sa shi a gaba. Idan dambun naman ki ne ba a samun yashi a ciki, kuma yana yin wata bai canza ƙamshi ba, a san ki da shi. Sauran kayan za su biyo bayansa.

Daga nan sai suna guda. Wanda aka rubuta a allon shago ya zama shi ne a jikin leda, shi ne a WhatsApp, in da hali shi ne a asusun banki. Na ga mai saye ya tsaya da waya a hannu zai tura kuɗi, sai ya ga suna ya fito daban da wanda ya sani, ya fasa. Wa zai ga laifinsa a wannan zamani na 'yan damfara? Lambar waya ma haka. Duk ranar da ka canza layi, ka zubar da mutanen da ka yi shekaru kana tarawa.

Alkawari

Bari in daɗe a nan kaɗan, don nan ne zuciyar darasin. Wata shekara na kai wa wani tela ɗinkin yarana saura mako biyar Sallah. Hannunsa na da kyau, ban taɓa ganin wanda ke fitar da wuyan riga kamarsa ba. Ya ce, "Malam, kada ka damu, ran Juma'a ka zo." Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Daren Sallah ina zaune a benci a ƙofar shagonsa har ƙarfe biyu, yadin yarana yana nan a ƙulle cikin ledar da na kawo shi, ko almakashi bai taɓa ba. Da safe ƙaramin ya tafi Idi da kayan bara, hannun rigar ya ɗage masa har gwiwar hannu. Ban yi faɗa da telan ba. Amma tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni tela, wani nake nuna masa, wanda ɗinkinsa bai kai na wancan kyau ba, sai dai in ya ce Talata to Talata ce.

Da ya ce mini tun farko, "Malam, aiki ya yi mini yawa, ba zan iya ba," da har yau ina kai masa. Kyan alkawari cikawa. In kuwa ka ga ba zai cika ba, kai ne za ka fara kira, tun kafin mai kaya ya baro gida.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Mutanen Makka sun sa wa Annabi Muhammadu (SAW) laƙabin Al-Amin tun kafin aiko shi, kuma labarin amanarsa ne ya sa Nana Khadija ta ba shi dukiyarta ya tafi fatauci Sham. A ƙasarmu ma, Alhassan Ɗantata ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja kafin ya shahara da cinikin gyaɗa a Kano. Ya rasu a 1955, amma har yau da an ambaci sunan, kowa ya san gidan kasuwanci ake nufi.

Waya da takarda

Idan kana da babbar waya, akwai WhatsApp Business, kyauta ake sauke shi. Kana iya jera hotunan kayanka da farashi. Ka ɗauki hoton aikin hannunka da hasken rana. Kada ka ɗauko na wani a intanet ka ce naka ne, ranar da kaya suka isa hannun mai shi asiri zai tonu. Wanda rubutu bai gama zama masa ba ya yi amfani da saƙon murya, amma ya fara da sallama, ya taƙaita. Kuma layin da kake ciniki da shi ba wurin zagin siyasa ba ne. Kaduna gari ne na kowa, mai sayenka na iya fitowa daga Kawo, yana iya fitowa daga Barnawa ko Sabon Tasha.

In sana'a ta fara tsayawa da ƙafarta, ka yi wa sunan rajista a CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da sunayen sana'a rajista, don kada wani ya riga ka, kuma da takardar za ka iya buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Mai ƙulla abinci ko abin sha a roba don kai wa shaguna kuma sai ta nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Aikin gida

Ɗauki littafinka. A layin farko rubuta sunan da kake so a san sana'arka da shi, da manyan baƙaƙe, kada ya wuce kalma uku. A ƙarƙashinsa rubuta lambar wayarka, ka karanta ta da ƙarfi sau biyu don ka tabbata lambobi 11 ne cif.

Sannan ka sami mutum biyu da suka daɗe suna saye a wurinka. Ka ce wa kowanne, "Yaya, don Allah gaya mini gaskiya, me ya sa kake dawowa, kuma me na taɓa yi da ya ɓata maka rai?" Kada ka katse shi, kada ka kare kanka. Rubuta amsar yadda ya faɗe ta, ko da jimla ɗaya ce, ka zo da ita aji mako mai zuwa.