Daga DNA Zuwa Furotin: Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe

Duk lokacin da na zauna duba takardun ɗalibai, abin da nake fara cin karo da shi shi ne harafin T a cikin RNA. Ba gidansa ba ne. DNA, wato ma'ajiyar bayanan gado a jiki, ita ce ke da haruffan sinadarai A, T, G da C, ita kuwa RNA, wadda ake kwafar bayanan a kanta, U take sakawa a gurbin T. In zaren DNA da ake kwafa ya zo da TAC, saƙon mRNA zai fito AUG.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne a rubuta wai DNA tana rikiɗewa ta zama RNA. Ina! Tana nan zaune a cibiyar tantani, kamar littafin malam da ba a fita da shi daga zaure. Almajiri sai dai ya kwafi abin da yake buƙata a allo ya tafi da shi. Allon nan shi ne mRNA, ribosom kuma, wato injin ƙera furotin, ke karanta shi haruffa uku-uku, kowane uku ana ce musu kodon. Kodon ne ke nuna amino asid ɗin da za a saka, su kuma amino asid su ne tubalan da ake jerawa su zama furotin.

A nan lissafi ke kwaɓewa. Kodon 64 ne, amino asid 20, don haka amino asid ɗaya kan mallaki kodon da yawa; lusin kaɗai shida gare shi. UAA, UAG da UGA kuwa ba su ɗauke da komai, cewa suke yi a tsaya. Ka fara ƙirga daga AUG, kodon farawa, domin in ka zame da harafi ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme.

Mai ganin harafi ɗaya ba komai ba ne, ya dubi sikila. A amino asid na 6 na sarƙar beta ta himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, GAG ne ya koma GTG, sai balin ya maye gurbin gulutamik asid. Shi ke nan, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci.

Akwai kuma masu rantsuwa cewa bayani daga DNA yake zuwa RNA sannan furotin, ba ya taɓa komawa baya. Abin da Francis Crick ya faɗa a 1958 shi ne ba ya fita daga furotin ya koma DNA ko RNA. Daga RNA zuwa DNA kam ana yi: a 1970 Howard Temin da David Baltimore suka gano sinadarin da ke wannan aiki, kuma da shi ƙwayar cutar ƙanjamau ke mayar da bayaninta DNA kafin ta cusa shi cikin DNA ɗin mutum.