Yadda Za Ka Shirya wa Sabuwar Sigar Manhajar Dandalin Ƙungiyarku

Idan ƙungiyarku ta manoman shinkafa a Argungu, ko ta tsofaffin ɗalibai a Birnin Kebbi, ta gina dandalin mambobinta a kan WordPress, manhajar gina shafin intanet, da BuddyPress, ƙarin da ke ba shi tsarin mambobi, to ka san abin da ke biyo bayan sanarwar sabuwar siga. Wani ya ce a sabunta yau-yau, wani ya rantse a bar abin yadda yake tunda yana aiki. Kai da ke riƙe da makullin dandalin, kada ka bi ko ɗaya. Sabuntawa dole ce, amma ba a fara ta a kan dandalin da mutane ke ciki.

Ka fara da sanin irin sigar da ke tafe. Lamba mai gida biyu, kamar 6.6, babba ce, takan canza abubuwa da yawa. Mai gida uku, kamar 6.4.1, gyaran kurakurai ce ko toshe kafar tsaro, kuma ita ba a jinkirta ta. Kafin babbar ta fito, ana sakin ta gwaji mai suna Beta, sannan RC, wadda ta kusa kammala. Makonnin nan su ne lokacin aikinka. Wani abu da mutane ke mantawa: tun daga siga 5.6, duk WordPress ɗin da aka girka sabo yana iya ɗaukar babbar siga da kansa cikin dare. Shiga shafin sabuntawa ka mayar da shi kan gyare-gyaren tsaro kaɗai, don kada ka wayi gari ka tarar an riga ka.

Daga nan sai PHP, harshen da manhajar ke gudana a kansa. Duba Site Health a ƙarƙashin Tools, zai nuna maka wanda sabar taka, wato kwamfutar da ke ɗauke da dandalin, ke amfani da shi. WordPress 6.6 na Yulin 2024 ya daina karɓar abin da ya gaza PHP 7.2.24, shi kuwa PHP 7.4 an daina yi masa gyaran tsaro tun Nuwamban 2022. Idan kana kan tsoho, sai ka ɗaga shi zuwa jerin 8. Amma kada ka haɗa wannan da sabunta WordPress rana guda. In abu ya lalace ba za ka san wanda ya jawo ba. Ka ba da tazarar mako guda tsakaninsu.

Sai kwafin ajiya, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Dandalin kashi biyu ne. Akwai fayiloli, musamman foldar wp-content, inda hotunan mambobi suke a uploads/avatars, da fayil ɗin wp-config.php. Akwai kuma rumbun bayanai, inda sunaye, saƙonni, rukunoni da rajistar kowa suke. Wanda ya kwafi fayiloli kaɗai ya ɗauki buhu ya bar hatsi. Ka fitar da rumbun ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun bayanai, ka tabbata an zaɓi tsarin haruffa na utf-8. Ka ajiye kwafi biyu a wurare daban, ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a filash ko Google Drive. Kwafin da ke zaune a sabar guda da dandalin, in sabar ta faɗi tare za su tafi.

Kada ka yarda da kwafin sai ka buɗe shi. Mu masu rubutu da Hausa muna da gwaji mai sauƙi: nemi kalma mai ƙugiya. Idan ka ga "ƙungiya" ta koma "Æ™ungiya", ko "ɗalibi" ta fara da É da wani dogon layi, an karanta bayanan da tsarin haruffan da ba nasu ba ne. Ka sake fitarwa kafin ka taɓa komai. In ka ɗora irin wannan kwafin a kan dandali, sunan duk wani Ɗanjuma da Ɗahiru zai lalace, kuma gyaran da hannu aiki ne mai cin rai.

Yanzu ka gina dandalin gwaji da kwafin nan, a wani ƙaramin adireshi na daban, ka sa masa kalmar sirri. Abu biyu kafin ka ci gaba. Ka kashe aika imel, domin dandalin gwaji bai san shi na gwaji ba ne, zai iya tura wa mambobi sanarwar da ba gaskiya ba. Sannan wajen canza tsohon adireshi zuwa na gwaji, ka yi amfani da umarnin wp search-replace ko filogin, wato ƙaramar manhajar da ake jona wa WordPress, da aka yi don haka. Wasu saitoci ana ajiye su tare da adadin haruffansu. In ka canza da hannu, lissafin ya saɓa, saitin ya ɓace.

A nan za ka ɗora sigar RC ta hanyar filogin WordPress Beta Tester. Ka kunna saitocin gano kurakurai, WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG, kurakuran za su taru a wp-content/debug.log. Galibi ba uwar manhajar ke karyewa ba, 'ya'yan da aka jingina mata ne. A Agustan 2020, siga 5.5 ta daina loda jQuery Migrate, wani ɓangare da tsofaffin filogin ke dogaro da shi, sai maɓallai da jerin zaɓi suka daina motsi a shafukan da ke da tsofaffin filogin. A Disamban 2023, BuddyPress 12.0 ya canza yadda yake gina adireshin shafukan mambobi, har aka fitar da BP Classic don filogin da ba su shirya ba. Saboda haka ka rubuta sunan kowane filogin da ranar da mai shi ya sabunta shi na ƙarshe. Wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, ka fara nema masa magaji. Ka leƙa kuma cikin jigon (theme, mai tsara fasalin shafi) da kuke amfani da shi. In akwai folda mai suna buddypress, tsofaffin fayilolin cikinta kan danne sababbin, sai ka ga wani maɓalli ya ɓata babu dalili.

Ra'ayin mambobi yana da amfani idan ka tsara shi. Zaɓi mutum biyar zuwa takwas masu wayoyi daban-daban, Tecno, itel, Infinix, har da mai amfani da Opera Mini, kuma lalle a samu wanda ke ƙauye inda sabis ke wuya, ba 'yan cikin gari kaɗai ba. Ka ba kowa aiki takamaimai: ya yi sabuwar rajista, ya canza hotonsa, ya shiga rukuni, ya tura saƙo, ya nemi sabuwar kalmar sirri. "Malam, abin ba ya yi" ba rahoto ba ne. Ka tambayi wace waya, wace burauza, me ya danna, sannan ya ɗauko hoton allon. Ka kuma raba ƙorafin gida biyu: na abin da ya lalace, da na abin da ya sauya wuri kawai. Na farko yakan hana sabuntawa. Na biyu saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp ya wadatar da shi, musamman ga dattawan ƙungiya da suka saba da inda komai yake.

Idan sigar ta fito, ba laifi ka jira mako ɗaya ko biyu. Siga 6.4 ta Nuwamban 2023 ba ta yi kwana uku ba aka bi ta da 6.4.1. Ka guji lokacin da ake rajistar taki ko karɓar kuɗin wata, ka sanar da mambobi kwana uku kafin ranar. Bayan sallar asuba ya fi, mutane ba su cika dandalin ba. Kwamfuta ta cika da caji, layin data na biyu yana gefe. Ka sake ɗaukar sabon kwafi a lokacin, ka sabunta filogin, sai jigo, sai uwar manhajar.

In ka ga saƙon cewa ana gyara ya ƙi tafiya bayan minti 10, shiga babbar folda ka goge fayil ɗin .maintenance. In allo ya yi fari ko aka ce an samu babban kuskure, duba imel ɗin mai kula. Tun siga 5.2 WordPress kan turo mahaɗin shiga yanayin ceto. In bai zo ba, canza sunan foldar filogin da kake zargi, zai mutu nan take. In shafukan mambobi suna nuna 404, wato ba a samu shafin ba, shiga Permalinks, saitin adireshin shafuka, ka danna ajiyewa ba tare da ka canza komai ba. In kuma ta kama a koma baya, ka mayar da fayiloli da rumbun bayanai tare, daga kwafin safiyar nan, domin sabuwar siga kan taɓa tsarin rumbun, tsofaffin fayiloli ba lalle su fahimce shi ba.